Kawu Tasi'u da Allurar Guzuma

Wanda bai san Guzuma ba, to bai zauna unguwarmu Bromakoté da ke Adjamé a Abidjan ba a shekarun da nake faɗa. Mota ce, ko in ce ta taɓa zama mota. Babana Kalla, mahauci, ya saye ta a hannun wani Bature mai sana'ar katako da ke shirin komawa ƙasarsu. Ranar da aka kawo ta ƙofar gidanmu mahauta suka kewaye ta, suna ƙwanƙwasa haƙarƙarinta suna duba ƙafafunta yadda suke yi wa saniya a kara. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Kalla, wannan ai guzuma ce, ta gama haihuwa." Sunan ya zauna.

Amma fa Guzumar ce ke ciyar da mu. Kullum da sassafe a loda mata nama a Adjamé, ta gangara ta Filato, ta hau gadar nan da ke shawagi a kan ruwa, ta sauke a kasuwar Treichville kafin kukun Turawa da matan gari su iso teburin Baba. Ni ma a bayanta nake zama, tsakanin cinyoyin shanu, rungume da tasar kayan ciki da Inna ke ba ni in sayar. Naman da ya iso kasuwa bayan hantsi rabon ƙuda ne, masu saye sun riga sun koma wani teburi.

A gaban direba akwai wani agogo mai allura ɗaya, wanda Sha'ibu direbanmu ke kira kontar. Allurar ce ke faɗin gudun mota. A ƙarƙashinta akwai wata 'yar taga mai lambobi biyar, masu ƙirga tafiyar da aka yi. Tun da muka san Guzuma allurar na kwance a kan sifiri kamar mai jinya, lambobin kuma sun kafe a 47312. Ba wanda ya damu, sai wata Litinin.

Mai tsaron gadar wani tsohon soja ne da ake kira Birgadiye. Ya yi bariki a Damagaram har ya kwaso Hausa, yana yin ta ta hanci, kuma kowace magana sai ya kafa mata "bon" a gaba. Ran nan muna sauka daga gada ya ɗaga sanda.

"Bon. Direba. Nawa kake gudu?"

"Goma, Birgadiye, yadda doka ta ce."

"Goma. Gada ta yi rawa, tasar aceke, dambun rogon matar can, ta faɗa ruwa, kifi na karin kumallo, kai kana goma." Ya cusa kai ta taga, ya kalli kontar. "Bon. Allurar nan ta ce ba ku ma baro gida ba."

Ya fito da ɗan littafi, ya lashi fensir, ya rubuta lambobin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi Baba.

"Asabar. Allura ta tashi, lamba ta ci gaba. In ba haka ba, lasefase," ya bubbuga aljihun kakinsa, "a nan zai kwana."

Lasefase ita ce takardar da ke ba mota izinin hawa gada. In babu ita, sai dai naman ya bi kan 'yan dako, ya iso da azahar yana wari, teburin da Baba ya yi shekara goma sha ɗaya yana kafawa ya zama wurin shan iska.

Da la'asar aka zauna ƙofar gida. Sha'ibu ya ce ya nuna wa wani makaniki Basenegale a Treichville, ya ce wayar da ke juya allura ce ta tsinke a cikin kubenta, kuma sabuwa sai jirgin ruwa ya kawo daga Dakar, wata ɗaya da rabi.

"Dakar!" in ji wata murya daga kan tabarma. "Don waya ɗaya sai an tashi jirgi?"

Kawu Tasi'u ke nan, ƙanin Inna. Ya biyo garken shanu daga Tawa zai yi mako biyu, shekara bakwai ke nan makon biyun bai cika ba. An sa shi kora, ya ɓatar da bijimi uku. An sa shi fawa, ya yanke kan yatsansa ya haɗa wa wata mata a cikin nama. Daga baya ya yi gadi na mako uku a bakin waf, inda jiragen ruwa ke tsayawa, kusa da injin da ke ɗaga kaya daga jirgi, kuma tun daga nan ya zama injiniya. Ya dawo da fensir maƙale a kunne, wanda bai taɓa rubuta komai da shi ba, da kalmar Faransanci guda ɗaya da yake ƙarasa kowane aiki da ita: "Wala!"

"Yaya Kalla," ya ce, yana gyara fensirin, "ka san injin nan na waf? Wanda ke ɗaga mota da hannu ɗaya? In ya yi tari, wa Bature ke nema?"

"Wa?" in ji Baba.

Kawu ya nuna ƙirjinsa.

"Don ka matsa daga hanya," in ji Inna daga cikin gida.

"Yaya, maganar maza ake."

"To me ya kai ka ciki?"

Kawu ya yi kamar iska ce ta kaɗa. "Ku ba ni yini ɗaya. Allurar nan ba tashi kawai za ta yi ba, sai ta gai da Birgadiye."

Sha'ibu ya dubi Baba, Baba ya dubi sama. Sama ba ta ce komai ba, Dakar kuma na da nisa. Baba ya ce, "Tasi'u, in ka ƙarasa mini ita, da kai zan loda nama."

"Wala!" in ji Kawu.

Talata, muna dawowa daga kasuwa, ya shimfiɗa tabarma a gindin Guzuma. Ya aiko a ba shi tasa ta zuba kusoshi, da wuƙaƙen Baba guda uku, don a cewarsa sukudireba kayan ragwaye ne. Kafin ya cire kusa ta biyu rabin Bromakoté ya hallara. Ma Fanta, Bajular da ke suyar ayaba a bakin hanya, har ta jawo murhunta kusa don kada ciniki ya hana ta kallo.

Ya ɓalle agogon daga jikin mota. Gilashin ya tsage.

"Dama zan cire shi," ya ce. "Allura na bukatar iska."

Ya buɗe bayan agogon da tsinin wuƙa, ƙananan haƙora da zobba suka zubo a tasa kamar ana tsintar shinkafa. Ya kai agogon kunne ya girgiza. Ya sansana. Sannan ya shiga ƙarƙashin mota, muka ji ƙarfe ya gai da goshinsa, ya fito da wata doguwar waya gida biyu.

"Kun gani? Ta tsinke."

"Haka Basenegale ya ce," in ji Sha'ibu.

"Shi ji ya yi, ni gani na yi. Sa'a, je ki ce wa Yaya ta ba ni jijiyar ƙafar sa, busasshiya, irin wadda ake ɗaure ƙotar wuƙa. Kuma ta narka mini kitse, rabin kasko."

Na kai saƙo, na kwaikwayi har yadda yake ɗaga gira. Inna ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, sannan ta fito da kanta, kasko a hannu, don ta ce wannan ba abin da za a ba ta labari ba ne.

Kawu ya jiƙa jijiyar, ya haɗa bakin wayoyin biyu, ya naɗe ya ƙulle da haƙori. Ya mayar cikin kube. Ya kafa mazurari a bakin kuben, ya ɗauki kasko.

"Tasi'u," in ji Sha'ibu a hankali, "man inji ake sa wa. Shi ma ɗigo biyu."

"Man inji na motar Bature ne. Wannan motar su wa ce?"

"Ta mahauta."

"Ƙafar amalanke in tana kuka, me muke shafa mata?"

"Kitse," in ji mahautan da ke tsaye.

"Wuƙa in za a ajiye ta?"

"Kitse!"

"Kaushin ƙafar Yaya fa?"

Ludayin Inna ya same shi a ƙeya, amma ya riga ya tuntsura kaskon. Kitse ya cika kube, ya tumbatsa, ya bi bayan agogo. Abin da ya rage ya shafe haƙoran ciki da shi, ya mayar da su yadda ransa ya ba shi. Da ya gama, abu uku suka rage a tasa.

"Waɗannan fa?" in ji Ma Fanta.

"Ado ne. Bature ba ya iya ƙera abu bai sa masa ado ba." Ya jefa su aljihu. "Wala!"

Abin haushin shi ne, ran Laraba allura ta tashi. Na rantse ta tashi. Muna barin Adjamé ta yi shiru kamar tana tunani, sai ta yi tsalle ta kai saba'in, ta faɗo, ta sake yin shiru, ta sake tsalle. Jijiyar ce ke murɗewa ta saki, amma Kawu, wanda ya cusa kansa a gaba tsakanin Baba da Sha'ibu, ya ce miƙa take, ta daɗe tana barci. A Filato wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta wuce mu a ƙasa, allura na kan tamanin.

"Dubi tsohuwar nan," in ji Baba. "Tana ɗari."

"Matan nan na bakin ruwa akwai sauri," in ji Kawu.

A kasuwa kuwa bai bar teburi ɗaya ba. Masu kifi sun ji, masu atamfa sun ji, har wani kurma mai sayar da gishiri sai da aka yi masa bayani da hannu. Kafin azahar labarin ya zama Basenegale ya durƙusa yana roƙon Kawu ya koya masa aiki.

Da muka dawo gida na leƙa 'yar tagar nan, don Sha'ibu ya koya mini lambobin Turawa.

"Kawu, ran Litinin nawa Birgadiye ya rubuta?"

"Ke ina ruwanki da lissafin injiniyoyi?"

"Na ga kamar da ɗari uku da sha biyu ta ƙare. Yanzu ɗari biyu da casa'in da takwas."

Sha'ibu ya leƙa, ya dafe kai. Lambobin sun motsa, ba shakka. Baya suke yi. Mun je Treichville mun dawo, Guzuma ta ce ta rage kilomita goma sha huɗu daga abin da ta taɓa yi a duniya.

Kawu ya leƙa shi ma, sai fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar! Yaya Kalla, ka san abin da na yi maka? Yarinta take komawa! Ka bar ta haka shekara tara, sabuwa fil za ka same ta, har da warin kanti."

"Birgadiye cewa ya yi lamba ta ci gaba."

"To ai da sauƙi. In tafiya gaba na ragewa, tafiya baya me za ta yi?"

Kowa ya ga inda maganar ta nufa, kuma ba wanda ke da wata dabara.

Alhamis bayan azahar Guzuma ta fara zagaya Bromakoté da baya. Sha'ibu na tuƙi, wuya a murɗe ta taga. Kawu na tsaye a bayan mota inda ake loda nama, ya ɗaure rawani a ƙugu, yana ba da umarni.

"Hagu! Hagu na ce!"

"Hagunka ko haguna?"

"Hagun mota!"

"Motar baya take yi, ina hagunta?"

Kafin su daidaita, rumfar wani tela ta kwanta a kan kekensa. Zagaye na uku suka kwashe igiyar shanya, zanen matar liman ya bi su yana kaɗawa kamar tuta. Zagaye na biyar awaki suka gane abin da ake ciki, suka hau kan katanga suka zauna. Dattawan da ke hutawa a gindin masallaci suka daina hira, suna bin ta da ido duk sanda ta wuce.

"Wannan ta nawa ke nan?"

"Ta sha ɗaya."

"Kalla ya fasa ciniki ne, zai mayar wa Bature abinsa?"

"Da alama. Ta hanyar da ta zo take komawa."

A zagaye na sha huɗu Kawu ya juya yana yi wa wasu 'yan mata bayanin yadda lamba ke aiki, ya manta shi ne idon mota. Guzuma ta zauna a kan murhun Ma Fanta. Kasko ya tashi sama, manja da ayaba suka sauko a kan Kawu. Ma Fanta ta fara da Julanci, da ya ƙare ta koma Faransanci, ta rufe da Hausa don kada a ce bai ji ba.

"Injiniyan banza! Ran nan na matso da murhu in yi kallo, yau kallon ya zo ya zauna a kaina!"

"Ma Fanta, aikin gwaji ne..."

"Gwada a kan murhun uwarka!"

Da magariba aka duba. Rabin yini na ɓarna, kilomita tara suka samu, alhali tafiyar safiyar ranar kaɗai ta cinye sha huɗu. Wuyan Sha'ibu kuwa ya kafe a gefe ɗaya. Da ya zo sallame salla sai da ya juya da jikinsa gaba ɗaya, wanda ke kusa da shi a sahu ya zaci faɗa yake nema.

Juma'a aka yi rana mai zafi, inji ya ɗauki wuta, kitse ya tuna shi kitse ne. Ya fara ɗiga daga bayan agogo a kan ƙafar Sha'ibu. Ƙamshi ya tashi kamar ana babbakar layya. Karnukan Treichville, waɗanda dama suna girmama Guzuma, suka ga yau abin ya wuce gaisuwa, suka rako mu har Adjamé, su goma sha wani abu, suka kwanta a ƙarƙashinta suna lasar ƙarfe.

"Ka ga farin jini," in ji Inna. "Tasi'u, ga almajiranka sun zo ɗaukar karatu."

Asabar bayan sallar asuba Sha'ibu ya tayar da mota, ya ɗan gusa. Allura ba ta ko yi atishawa ba. Kawu ya shiga ƙarƙashi ya jawo waya, ta fito gida biyu kamar ranar farko. Jijiyar babu ita, ɓeraye sun yi walima. Abin da suka bari na kitse kuwa cinnaku sun yi layi a kansa, baƙi ƙirin, daga ƙasa har cikin agogo.

Baba bai yi faɗa ba. Ya fito da lasefase daga aljihu, ya kalle ta yadda ake kallon ɗan da za a kai soja, ya mayar.

Kawu ya ja ni gefe. "Sa'a, 'yar albarka. Kina da zare? Baƙi, mai ƙarfi."

"Me za ka ɗinka, Kawu?"

"Sirrin sana'a ne."

Na ba shi. Ai ba a hana babba abin da ya roƙa. Na kuma zaɓi wurin zama daidai ramin da gilashin baya ya taɓa kasancewa, inda nake ganin komai na gaba.

Ga sirrin sana'ar. Ya ƙulla zaren a gindin allura, ya zura shi ta wata 'yar huda ya bi bayan allo, ya sauko da shi ƙasa, ya ɗaure a babban yatsan ƙafarsa. In ya danna yatsa allura ta tashi, in ya saki ta kwanta. 'Yar tagar lambobi kuma ya shafe ta da daskararren kitse.

"Tasi'u, wannan ai ha'inci ne," in ji Baba.

"Gyaran wucin gadi ne. A waf kullum haka muke yi."

Baba ya dubi naman da aka loda, ya dubi rana da ke shirin fitowa, ya shiga mota.

Gadar ran Asabar cike take: masu tallan kifi, 'yan dako, ma'aikata a kan kekuna, matan da ke zuwa kasuwa. Ga karnukanmu a baya, ba wanda ya yi fashi. Birgadiye ya ɗaga sanda, ya taka matakalar mota ta gefen Sha'ibu, ya cusa kai ciki. Ya ja hanci.

"Bon. Mota ce ko tukunya? Mu je."

Guzuma ta hau gada. Allura ta tashi a hankali, cikin ladabi, ta tsaya cak a kan goma. Ko rawa ba ta yi. Birgadiye ya ɗaga gira.

"Wa ya gyara?"

Da Kawu ya yi shiru, da wataƙila mun haye. Amma an tambayi wa ya gyara.

"Ni ne, mon Birgadiye! Tasi'u, na waf. Ai wannan ƙaramin aiki ne. Akwai ranar da injin jirgi ya tsaya a tsakiyar teku, kyaftin na kuka, aka ce a nemo..."

Daidai tsakiyar gada wani amalanken ayaba ya karye ƙafa a gabanmu. Sha'ibu ya taka birki. Guzuma ta tsaya. Kawu na tsakiyar teku tare da kyaftin, yatsa a danne.

"Bon," in ji Birgadiye. "Mun tsaya."

"Mun tsaya, mon Birgadiye."

"Allura na goma."

Kawu ya kalli allura. "E to... mu mun tsaya. Amma gadar fa? A kan ruwa take. Ruwa na tafiya. Allurar nan har gudun ruwa take ji, haka na saita ta."

Birgadiye ya buɗe baki zai yi magana, sai allura ta yi tsalle ta kai arba'in.

Cinnakun ne. Sun bi zare sun sauko, sun tarar da ƙafar da ta sha kitse tun Talata, suka ce ga inda aka ɓoye sauran. Daga yatsa suka haura ƙwauri, daga ƙwauri suka shige wando. Kawu ya cije leɓe. Allura ta faɗo sifiri, ta haura sittin, ta yi karkarwa a tamanin, ta buga ɗari da ashirin, inda ko a ƙuruciyarta Guzuma ba ta taɓa leƙawa ba.

"Ruwan ya ƙara gudu," in ji Sha'ibu, wuya a karkace, ido a kan hanya.

"Igiyar ruwa ce, mon Birga... wayyo! Wayyo Allah! Yaya Kalla, buɗe ƙofa!"

Bai jira an buɗe ba. Ya haye cinyar Baba ya fita ta taga da kai. Zare ya miƙe, muka ji ƙyas, allura ta fice daga agogo ta bi shi. Ga Kawu a tsakiyar gada yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana marin cinyoyinsa da hannu biyu, allura na bin yatsansa tana tsalle ita ma. Karnuka suka ga abin ƙamshi ya fito fili, suka yi kansa. Ya zabura, suka bi. Gada ta ɗauki rawa. Masu kifi suka sauke tasoshi don su yi dariya da kyau, wani ma'aikaci ya faɗo daga keke bai ko tashi ba, yana nuna Kawu yana riƙe ciki.

Birgadiye ya sauka a natse, ya taka zaren da takalminsa. Kawu ya zo ƙarshen zare ya kife. Birgadiye ya ɗaga allurar tana lilo a gaban jama'a.

"Bon. Na yi soja shekara goma sha biyar. Ban taɓa ganin mota mai yatsa ba."

Ya koma ya goge 'yar taga da babban yatsansa, ya buɗe littafi, ya duba nan, ya duba can.

"Litinin, ɗari uku da sha biyu. Yau, ɗari biyu da saba'in da tara. Mahauci, kwana biyar kana wuce ni safe da rana, ashe ba zuwa kake ba, komawa kake." Ya miƙa hannu. "Lasefase."

Baba ya ba shi. Takardar ta shige aljihun kaki, maɓalli ya rufe. Duk dariyar da ke cikina ta tsaya.

"Birgadiye," ya ce, "laifi mun yi shi, ban musa ba. Amma ga naman bijimi biyu a baya, ga gida cike da baki. Wayar kirki na zuwa daga Dakar, wata ɗaya da rabi. In na bar teburina wata ɗaya da rabi, ba zan tarar da shi ba."

Birgadiye ya daɗe yana shafa gashin baki. Ya dubi naman, ya dubi Baba, ya dubi Kawu da ke zaune a ƙasa yana tsince cinnaku daga wando, kare na lasar masa dunduniya.

"Bon. Motar da ban san gudunta ba, ba ta hawa gadata. Amma na san gudun mutum a ƙasa. Mutum ya shiga gaba da jan ƙyalle, yana tafiya, mota na bin sa. In ta wuce shi, ko shi ya yi gudu, takarda ta mutu. In waya ta zo, allura ta tashi ba da yatsa ba, in mayar maka. Kana da mutum?"

Baba juyawa kawai ya yi. Sha'ibu ma ya juya, da jikinsa duka. Jama'ar gada suka juya. Har karnukan.

"Ni?" in ji Kawu. "Yaya Kalla, injiniya guda?"

"Tashi," in ji Baba. "Nama na jira."

Wata mai kifi ta kwance jan ɗankwalinta ta miƙa masa, ta ce kyauta ne, ta riga ta more. Haka muka shiga Treichville ran nan: Kawu a gaba yana ɗingishi da ɗankwali a sama, Guzuma na bin sa tana tari, karnuka na bin Guzuma, rabin gada na bin karnuka. Ba a taɓa sayar da naman Baba da wuri kamar ranar ba, don kowa na so ya zo teburin ya ji daga bakin waɗanda abin ya faru a gabansu, ni kuwa ban yi wa kowa rowa ba, har da muryoyi.

Wata ɗaya da rabin ya zama wata uku. Kullum safe da hantsi Kawu na taka gada, zuwa da dawowa, ruwa ko rana. Za ku ce ya yi laushi. Mako bai cika ba na tarar da shi a rumfar masu shayi, ɗankwali a kafaɗa, ya tara mutane.

"Duk Abidjan," yana cewa, "mota nawa ce gwamnati ta ce ba za ta motsa ba sai da mutum ɗaya tak? Ku tambaya. In na tsaya, ta tsaya. In na taka, ta taka. Shi kansa Birgadiye, ni yake kallo, ba motar ba."

Sai ga muryar Baba daga bakin kasuwa: "Tasi'u! An gama sauke kaya!"

Kawu ya ajiye kofin shayi rabi, ya miƙe, ya kaɗe ɗankwali.

"Kun ji ko? Ba su iya komai in ba ni."